Zane da fentin ruwa zai iya ciyar da mutum kuwa?

Ƙanena, ka ce kana zana mutane da fentin ruwa a Tahoua har su fito kamar hoto, amma a gida ana ce maka aikin banza ne, kana son sanin ko akwai wanda ya ci abinci da wannan sana'a.

Akwai mana. Andrew Wyeth, ɗan Amurka, an haife shi a 1917, ya rasu a 2009. Yana yaro ba shi da ƙoshin lafiya, sai aka koyar da shi a gida, mahaifinsa ne ya koya masa zane. A 1937, yana ɗan shekara 20, ya baje zanensa na fentin ruwa a Niyok, aka saye su kaf. Abin da ya fi burge ni shi ne bai yi yawon duniya neman abin zanawa ba. Maƙwabta, gonaki, tsofaffin ɗakuna, a Fensilbaniya da Maine, su ya yi ta maimaitawa har tsufa. Masana da yawa sun raina shi, wai ya tsaya a tsohon yayi. Bai canza ba.

Sai dai kar in ruɗe ka: mahaifinsa sanannen mai zane ne, ƙofa a buɗe ya same ta. Kai kam sai ka haɗa da zanen allunan shaguna tukuna.

Kuma ka yi hankali da hunturu. Na taɓa zana wani mai raƙumi a kasuwar dabbobi, kafin in gama rawaninsa takarda ta bushe ƙayau, launi ya yi tabo. Yanzu da asuba nake aiki, da takarda mai kauri, ina yayyafa mata ruwa.