Amsa ga ɗana game da fitar dare a babban birni

Ɗana, assalamu alaikum. Saƙonka ya iso, na kuma karanta shi a natse. Ka ce tun da ka kama aiki a babban birni abokan aikinka suke gayyatarka fita bayan an tashi, wani lokaci gidan cin abinci, wani lokaci sinima ko wurin kiɗa, ba a watsewa sai dare ya raba, kuma kana so ka san ko amsa gayyatar ya saɓa wa tarbiyyar da aka yi maka, ko kuwa ƙin amsawar ne zai zama rashin kyautawa ga mutanen da kake cuɗanya da su kullum.

Magabata ba su ƙi dare don kansa ba. Da suka ce dare rigar mugu, duhu suke nufi, domin a zamaninsu wanda ya fita bayan ƙafa ta ɗauke ba mai ganinsa, ba mai shaidarsa, kuma idan wani abu ya same shi ba mai kawo masa ɗauki. Manyan biranen duniya ma haka suka daɗe. Sai a 1667 aka fara jera fitilun kyandir a titunan Faris, Landan ta ga fitilar gas a titi a 1807, tashar lantarki ta Thomas Edison, Ba'amurke mai ƙirƙire-ƙirƙire, kuwa ta fara ba wani yanki na New York wuta a 1882. Da haske ya samu, sai dare ya zama lokacin aiki da nishaɗi. A yau jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York ba ya kwana, Landan kuma tun 2016 take gudanar da wasu layukan nata duk tsawon daren Juma'a da na Asabar. Garin da ma'aikatan jinya da direbobi da masu gadi suke kai da komowa har asuba, ba za a ce duk wanda aka gani a waje ɗan yawon banza ba ne. Saboda haka ban ga laifi ba idan ka fita da mutanen kirki zuwa wurin da ba za ka ji kunya a gan ka ba.

Amma abin da magabata suke karewa yana nan, fitila ba ta kawar da shi ba. So suke a san inda mutum yake, da wanda yake tare da shi, da lokacin da ake sa ran dawowarsa. A babban birni kana iya tsayawa cikin dubban mutane ba wanda ya san sunanka, don haka kai ne za ka yi wa kanka shaida: kafin ka fita ka gaya wa wani amintacce inda za ka.

Wurin da na fi jin tsoro shi ne lokacin watsewa. Ƙarfe ɗaya na dare jama'a sun ɓarke daga ƙofa, kowa yana neman abin hawa, cajin wayarka ya ƙare, sai wani da kuka gaisa ɗazu ya leƙo ta tagar mota ya ce ka shigo ya rage maka hanya, alhali ka ga abin da ya sha a ciki. Kada ka shiga, ko da za a ce ka cika tsoro. Giya tana rage saurin da direba ke taka birki, gajiya ma haka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 1.19 ne ke rasuwa a haɗarin hanya duk shekara. Ana shirya hanyar dawowa ne tun kafin a bar gida, tare da ware kuɗinta a aljihu daban. Wanda kuka fita tare kuma amana ne a hannunka. Ba a tafiya a bar shi, musamman idan mace ce ko wanda hankalinsa ya gushe. Abin shan da ka bari a tebur ka tashi, kada ka koma masa.

Ka kula da kunnenka ma, domin matasa ba sa kawo wannan a ransu. Ƙarar da ta sa sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka tana lalata ji a hankali, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Ka nisanci lasifika.

Batun ƙin amsa gayyata kuwa, ba rashin zumunci ba ne. Baligi yana buƙatar barcin aƙalla awa bakwai, kuma wanda ya mayar da kowane dare na fita, aikinsa da albashinsa ne za su biya. Ka je wani lokaci domin a san kana tare da jama'a, ka biya rabonka ba tare da an tuna maka ba, ka kuma faɗi tun farkon zama cewa ƙarfe kaza za ka tashi, domin wanda ya sanar da wuri ba a riƙe shi. Idan ka iso gida ka shiga a hankali saboda maƙwabta da ke barci, sannan ka aika wa wanda ka sanar da fitarka saƙo cewa ka dawo lafiya.

Kawunka.