Mene ne aikin shugabar masu gabatar da ƙarar ƙananan laifuka a gundumar Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yar yayana da ke aikin lauya a Amurka ta aiko cewa an yi mata ƙarin girma, yanzu ita ke shugabantar sashen ƙananan laifuka a ofishin mai gabatar da ƙara na gundumarsu. Mun yi murna, amma ba mu gane aikin ba. Irin na ɗan sanda mai gabatar da ƙara ne a kotun majistare? Kuma tunda ƙananan laifuka ne, ina girman yake? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya alheri, ya taya ta riƙo, domin kaya ne mai nauyi aka ɗora mata.

Amurka na da gundumomi sama da 3,000, kuma a yawancin jihohi jama'a ne ke zaɓen babban mai gabatar da ƙara na yankinsu da ƙuri'a. Shi ke ɗaukar lauyoyi aiki, ya rarraba su sashe-sashe. A galibin wurare aikin ɗan sanda ya tsaya ga kamawa da rubuta rahoto da ba da shaida, lauya ne ke tsayawa gaban alƙali da sunan jiha. To 'yarku lauya ce da ke shugabantar wasu lauyoyin, ita kuma tana ƙarƙashin wancan zaɓaɓɓen.

Ƙaramin laifi a can shi ne wanda hukuncinsa, a mafi yawan jihohi, bai wuce shekara ɗaya a gidan yarin gunduma ba, ko tara. Ƙaramar sata a kanti, tuƙi cikin maye, faɗan da bai kai ga mummunan rauni ba, shiga wurin wani ba izini, tuƙi bayan an dakatar da lasisi. Masu bincike sun kiyasta ana shigar da irin waɗannan ƙararraki kusan miliyan 13 a shekara, wato kimanin kashi 80 cikin 100 na shari'o'in laifuka a kotunan jihohi. Yawancin wanda ya taɓa shiga hannun shari'a a Amurka ta wannan ƙofa ya shiga.

Aikinta na farko, kuma a ganina mafi girma, shi ne tacewa. Kowace safiya rahotannin 'yan sanda na jibge, kuma ba kowane kamu ne ya cancanci zuwa kotu ba. Sashenta ne zai duba: akwai hujja? An bi doka wajen tsayar da mutumin da binciken jikinsa? Wace tuhuma ta dace da abin da ya faru? Lokaci kuma ba ya jira, don Kotun Ƙoli ta yanke a 1991 cewa wanda aka kama ba da takardar sammaci ba, sai alƙali ya duba dalilin tsare shi cikin awa 48. Shugaba ta gari tana da ƙarfin halin cewa wannan ƙara ba za mu shigar ba, ko da ran ɗan sandan da ya yi kamun zai ɓaci, alhali gobe ma da shi za su yi aiki.

Sai horar da sababbin lauyoyi. A wannan sashe ake fara ajiye lauyan da bai daɗe da gama makaranta ba, a miƙa masa tulin fayil, ga gaggawa. Ita za ta raba musu aiki, ta zauna a bayan kotu ta ga yadda suke tambayar shaida, ta gyara musu. Darasin da ba za ta yi sake da shi ba shi ne na shari'ar Brady da Kotun Ƙoli ta yanke a 1963: duk hujjar da ke hannun gwamnati wadda za ta amfani wanda ake tuhuma, dole a miƙa wa lauyansa. A 1972 shari'ar Giglio ta haɗa har da abin da zai rage amincin shaidan gwamnati. Yau da hotunan kyamarar da 'yan sanda ke maƙalawa a ƙirji suka yi yawa, wani sai ya zauna ya kalle su, kuma ita za ta tabbatar an kalla. Ƙa'idojin aikin lauya sun ɗora wa shugaba alhakin sa ido a kan na ƙasa da ita, har ana iya hukunta ta in ta san da kuskure ta yi shiru.

Inda na fi so ka lura, Alhaji, shi ne batun amsa laifi. Kaɗan ne ƙwarai daga cikin waɗannan ƙararraki ke kaiwa ga cikakkiyar shari'a. Yawanci daidaitawa ake yi: ka amsa laifi, a sassauta maka. Ita ke tsara abin da lauyoyinta za su iya tayawa, da abin da sai ta sa hannu, don kada mutum biyu masu laifi iri ɗaya su sami hukunci daban saboda kawai sun faɗa hannun lauyoyi daban. Haɗarin a nan yake. Talakan da ya kasa biyan beli, aka ce masa in ya amsa yau zai kwana gida, in ya musa zai ƙara makonni a tsare, sau da yawa amsawa zai yi ko bai aikata ba, don kada ya rasa aikinsa. A gundumar Harris ta jihar Texas, inda birnin Houston yake, alƙaliyar tarayya Lee Rosenthal ta yanke a 2017 cewa yadda ake tsare masu ƙananan laifuka don rashin kuɗin beli ya saɓa wa tsarin mulki. Lauyan gwamnati da ya nemi beli mai tsada a kan satar abin da bai taka kara ya karya ba yana da hannu a irin wannan zalunci, kuma shugabarsa ce ke da ikon hana shi.

Ƙaramin hukunci ma yana da doguwar jela. Yana iya hana mutum aiki ko hayar gida. Tun 1996 dokar tarayya ta haramta riƙe bindiga ga wanda aka samu da laifin dukan iyalinsa, ko da a matsayin ƙaramin laifi ne. Ga baƙo kuwa, ciki har da 'yan'uwanmu da ke zaune can da takardar zama, wani laifin na iya jawo kora daga ƙasar. Shi ya sa Kalifoniya ta mayar da iyakar hukuncin ƙaramin laifi kwana 364, domin cikar shekara ɗaya cif na buɗe ƙofar kora a dokar shige da fice.

Akwai kuma hanyar kauce wa hukunci baki ɗaya: a tura mai laifin farko magani in shaye-shaye ne ko taɓin hankali, ko ya biya abin da ya ɓata, ko ya yi aikin gayya, in ya cika a kori ƙarar. Ita ke tantance wanda ya cancanta. Wani bincike da aka fitar a 2021 kan gundumar Suffolk, inda Boston take, ya nuna waɗanda ba a gurfanar ba kan ƙananan laifukan da babu tashin hankali a ciki sun fi ƙarancin sake shiga hannu.

Sauran aikin na ofis ne: sauraren waɗanda aka zalunta, musamman matan da aka doka a gida, zama da alƙalai da 'yan sanda kan cunkoson ƙararraki, kiyaye wa'adin shari'a, da kai rahoto ga babban mai gabatar da ƙara. Manyan ƙararrakin da suka ja hankalin jama'a kuma takan ɗauka ta tsaya da kanta a kotu.