Tambaya da Amsa: In kamfanoni sun dawo Kano, mu na ƙauye me za mu samu?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Kullum a rediyo sai ka ji za a farfaɗo da masana'antun Kano, duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a bakinsa ke nan. To mu na ƙauye ina ruwanmu? Yanzu haka yarana biyu sun matsa wai in sai da gonata ta bakin titi su koma birni jiran aikin kamfani. Daga wani manomi, Garun Malam.

Amsa: Wa'alaikumus salam Baba. Gonar nan dai kar ka sayar, in fara da wannan.

Ruwanku kuwa akwai shi. Lokacin da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa ke tashe, auduga da gyaɗa da fatun da injinan ke ci ai daga wajenku suke fitowa, da aka shigo da SAP, wato shirin gwamnati na gyaran tattalin arziki, a 1986 naira ta faɗi kayan gyaran inji suka yi tsada, ga rashin wuta, sannan atamfar Chaina ta cika Kantin Kwari, sai masaƙu suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, manomin auduga ya rasa mai saye, 'ya'yan ma'aikata da yawa suka koma jagaliya. Shi ya sa ni nake son su dawo, don mai albashi da ƙungiyar ƙwadago a bayansa ba a cika saye shi da taliya ranar zaɓe ba.

Amma fa ba da jawabi ake tada inji ba, da wuta ne. Bututun gas na AKK mai kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kano tun 2020 aka ƙaddamar da aikinsa, da gas ɗinsa ake sa ran samar da wuta, shi za ka sa wa ido, ba fosta ba. Kuma kamfanin yanzu ba ya kwasar dubban mutane kamar da, mai gyaran lantarki da walda da makaniki yake nema, sauran sai leburanci a biya ka na yini gobe a ce babu.

Ga misali a ƙofar gidanku, kamfanin tumatir na Dangote a Kadawa da aka buɗe 2016 ya sha tsayawa saboda bai samun isasshen tumatir. Kenan shi ke neman manomi. Cikin yaran naka ɗaya ya tafi koyon lantarki, ɗaya ya riƙe noman rani, ku shiga ƙungiyar manoma a yi ciniki da ku a dunƙule. Kuma ka nemi takardar gonar tun yanzu, fili a bakin titi dillalai ba sa barinsa.