Ga amaryar da Hajiya ta yi wa maganar rigar barci

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta tambayarki. Kin ce wata biyar da aurenki, kina sashenki a gidan su maigida cikin birnin Katsina, kuma Hajiya, uwar mijinki, ta kira ki ta yi miki magana saboda kina kaiwa sha ɗayan safe da rigar barci a jikinki. Ke kuma ba ki ga laifinki ba, don ba kwanciya kike ba, aiki kike yi. Sai kin gama shara da wanke-wanke kin ɗora girki sannan ki yi wanka ki shirya gaba ɗaya, tunda ruwan saye ake kuma ba kya son ɓata kayanki na fita. Na ga waɗanda suka riga ni amsa sun rabu biyu, wasu na cewa ƙazanta ce kawai, wasu na cewa ɗakinki ne, ba ruwan uwar miji da abin da kika sa. Ni duka biyun ba su kwanta min ba.

Ni 'yar Daura ce, aure ya kawo ni Katsina. Na yi shekaru a babban gida wajen Ƙofar Sauri tare da uwar miji da faccaloli kafin Allah ya hore mana namu, yanzu kuma na aurar da ɗiya, na kuma karɓi ɗiyar wasu a gidana. To na zauna a inda kike, na kuma zauna a inda Hajiya take.

Abin da na lura da shi a maganarki, kin ɗaure abu biyu da igiya ɗaya: wanka da sauya tufafi. A lissafinki ba a cire rigar barci sai za a shiga wanka, ba a wanka sai an gama aiki, aikin gida kuwa kin san ba ya ƙarewa. Shi ya sa hantsi ke duban ludayi kina nan yadda kika tashi. Hujjarki a kan wankan tana da ƙarfi, ban ƙi ta ba. Wadda take sayen ruwa jarka-jarka wurin 'yan garuwa ba za ta yi wanka da bakwai ba, ta shiga hayaƙi da gumi, ta sake wani da sha ɗaya. Amma cire riga a sa wata ba ya cin ko moɗa ɗaya ta ruwa.

Sai maganar "ɗakina ne". Ɗakinki ne ƙwarai, amma tsakar gidan ba taki ba ce ke kaɗai, kuma gidan Bahaushe a cikin birni daga an sauko daga masallacin asuba ƙofarsa a buɗe take. Ki lissafa da kanki waɗanda suke shigo muku kafin ƙarfe tara. Mai garuwa zai yi sallama daga zaure, kafin a ce shigo ya riga ya turo kura. Almajirin gidan zai zo ɗaukar kwanuka ko karɓar aike. Yarinya mai tallan ƙosai, 'yar maƙwabta da aka aiko aron turmi ko rariya, dillaliya da ƙunshinta, matan rigakafi da suke bi gida-gida. Ga ƙannen miji, waɗanda su ne ma suka fi kowa, domin wasan da ke tsakanin matar wa da ƙanen miji yana sa su faɗo miki sashe da "matarmu, me kika dafa?" sallamarsu da shigowarsu lokaci ɗaya. Duk wanda ya shigo sai kin zabura kin rarumi hijabi, wani lokacin hijabin yana kan igiya can ƙarshen gida. An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Yaron da ya saba ganinki a haka, ranar da kika ɗaure fuska za ki yi masa faɗa ba zai ji nauyinki yadda ya kamata ba.

Wani malaminmu na Islamiyya ya taɓa jan hankalinmu ga aya ta 58 cikin Suratun Nur. Allah ya ambaci lokuta uku da ko yaran gida da masu hidima sai sun nemi izini kafin su shigo wa manya: kafin sallar asuba, da lokacin da ake tuɓe tufafi don hutun azahar, da bayan sallar isha'i. Ki duba da kyau, safiya ba ta cikinsu. Ayar ta ce bayan waɗannan lokutan ana kai-kawo tsakanin juna ba laifi. Abin da na ɗauka daga nan shi ne, daga asuba zuwa azahar lokaci ne da mutum ya kamata ya kasance cikin shigar da ko ɗan gida ya faɗo masa ba zai ji kunya ba. Ba fatawa nake ba ki ba, ban kai nan ba. Amma tsarin ya yi daidai da yadda gidajenmu suke tafiya.

Yanzu bari in gaya miki abin da nake jin Hajiya ta gani wanda ba za ta taɓa furta miki ba. Ke kina kallon rigar nan a matsayin tufa mara nauyi mai daɗin aiki. Ita ba haka take kallonta ba. Su a zamaninsu da zane ake kwana, da safe a gyara ɗauri, a sa riga, a ɗaura kallabi, shi ke nan an shiga rana. Rigar barci a wurinsu kayan lefe ce, tana ƙasan akwati tare da sauran abubuwan da ba a ɗagawa sama ranar da ake nuna kaya a gaban maza. Tufar tsakaninki da ɗanta ce. To ki auna yadda za ta ji ta fito alwalar walaha ta gan ki da ita kina tsallaka tsakar gida, ga maigidan gidan zai iya fitowa, ga samarin gida suna karyawa. Kunya ce ta kama ta, irin kunyar surukuta, kuma tunda ba za ta iya cewa "kina ba ni kunya" ba, sai ta fake da maganar tsafta da son jiki. Iyayenmu haka suke, maganar da ta yi nauyi sai su sa mata wata riga. Uwar mijina, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa yi wa ɗayanmu faɗa kai tsaye ba. Idan ta ga facalata a haka sai ta ce da ita, "Wance, ko ba ki jin daɗi ne yau?" Wanda ya san gari ya san me ake nufi.

Kuma ki gode wa Allah ke ta kira. Da ta so, da ɗanta za ta kira, ko ta bari sai ranar wani suna ta faɗa a gaban dangi.

Mafitar ba ta da tsada. Tsakanin kayan barci da kayan kwalliya akwai kayan aiki, kuma su ne amaren yanzu ba sa tanada. Akwatunan lefe cike da leshi da shadda da atamfa mai tsada, amma babu rigar da za a yi wanke-wanke da ita ba tare da jin ciwo ba. Ki sayi atamfa mai sauƙin kuɗi a Babbar Kasuwa. Turmi yadi shida ne, tela zai fitar miki da dogayen riguna biyu marasa ado, masu hannu zuwa gwiwar hannu don kada ya riƙa shiga ruwa. Uku ko huɗu sun ishe ki juyi. Ki rataye ɗaya tun da dare kusa da sallayarki. Kin idar da asuba, ko za ki koma barci ki koma, amma duk lokacin da kika tashi tashin gaske, ki wanke fuska da baki, ki zura rigar, ki ɗaura ɗankwali, sannan ki buɗe ƙofa. Minti biyu ne. Wankan ya jira har ki gama aikinki kamar yadda kika saba. Ƙaramin hijabi kuma ya samu ƙusa a bakin ƙofar kicin, ba can cikin uwar ɗaka ba.

Ki dage a kan auduga. Abin mamaki, mu da jiharmu ta yi suna da noman auduga wajen Funtua da Malumfashi, mu ne muka cika ɗakunanmu da yadin roba. Yawancin rigunan barcin da ake sa wa a lefe masu santsin nan na roba ne, kuma ba a yi su don tsayuwa gaban wuta ba. Yadin roba idan ya kama wuta narkewa yake ya manne a fata, ƙunarsa ta fi muni. Ga shi rigar tana da faɗi tana lilo, ke kuma kina duƙawa kan risho ko gas ko murhun gawayi. Na san wata maƙwabciyarmu da gefen rigarta ya lashi wutar risho tana juya koko, tabon yana cinyarta har yau. Wannan kaɗai ya isa dalili ko da babu uwar miji a duniya. Ga kuma gumi. A watan Afrilu da Mayu da zafin garin nan yake haura digiri 40, rigar da aka kwana ana gumi a cikinta, a wuni da ita gaban murhu, da dare a sake komawa da ita shimfiɗa, ita ke kawo ƙuraje da ƙaiƙayi a matsematsi, ga ƙaurin albasa da hayaƙi ya bi ki har kan filo.

Na san hunturu daban ne. A Disamba da Janairu rana ba ta fitowa sai wajen bakwai, ruwan randa kamar ƙanƙara, ba mai sha'awar tuɓe rigar da ta ɗumama a jikinsa. A lokacin nan har Hajiyar da kanta za ki gan ta da rigar sanyi da safa tana jin ɗumi har tara. Ba wanda zai ƙirga miki. Haka da azumi, gari gaba ɗaya barci yake bayan sahur. Amma ko a nan, wadda take zaune a ɗaki da ƙofa a rufe daban, wadda take yawo a tsakar gida daban.

Akwai waɗanda ban sa su cikin wannan lissafin ba sam. Mai jego kafin ta yi arba'in, mai laulayi, ma'aikaciyar asibiti da ta kwana a bakin aiki ta dawo da safe, uwar da yaro ya hana ta runtsawa. Waɗannan a bar su su huta, mai yi musu gori bai kyauta ba. Kuma tunda kin ce wata biyar, bari in tambaye ki kamar yadda zan tambayi ɗiyata: dama can haka kike a gidanku, ko kwanan nan abin ya fara? Idan da ke mai son wanka da kwalliya ce, yanzu kuma kin wayi gari ko ɗaga hannu ki sauya riga yana yi miki nauyi, kada ki tsaya a maganar Hajiya. Ƙaramin ciki yana kawo kasala irin wannan, ƙarancin jini ma haka. Akwai kuma ciwon damuwa, wanda yake kama amaren da aka raba da gida da ƙawaye aka ajiye cikin baƙin mutane, da masu jego. Alamarsa mutum ya daina jin daɗin abin da yake so a da, barci da cin abinci su rikice, kuka ba dalili, abin ya wuce mako biyu. Mu nan da an ga haka sai a ce son jiki ne ko a ce iska. Idan kin ji kanki a cikin wannan bayanin, ki sa maigida ya kai ki asibiti a auna ki, ki kuma faɗa wa likita yadda zuciyarki take, ba jiki kaɗai ba.

Masu cewa su a gidansu su kaɗai suke, get a kulle, ba mai shigowa sai ya buga waya, gaskiyarsu, hukuncinsu ya fi sauƙi. Amma ni da na koma irin wannan gidan na ga wani abu. Ina ɗan sana'ar ɗinki a gida, kuma ranar da na bar kayan barci a jikina, aikin ba ya tafiya. Jiki yana ɗauka har yanzu dare ne, sai in zauna bakin gado da waya, in ɗaga kai in ji ana kiran azahar. Hadisin Sakhr Al-Gamidi da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta. Shi Sakhr ɗin ɗan kasuwa ne, da sassafe yake tura hajarsa, kuma ya yi arziki. Yara ma kallo suke. Da wuya ki sa yaro ya sa kayan makaranta da bakwai da sauri alhali ke da babansa kuna yadda kuka kwana.

Na ce babansa da gangan. Mazan da suka yi ta zuba wa'azi a ƙarƙashin tambayar nan, da yawansu ranar Asabar da singileti da gajeren wando suke wuni, baƙo ya yi sallama a bar shi tsaye a zaure ana neman jallabiya. Ba a dai kiransu a yi musu faɗa ne kawai.

Game da Hajiya, kada ki kai ƙara wurin maigida, za ki sa shi tsaka mai wuya a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kada kuma ki koma ki yi mata dogon bayanin ruwa da aiki, za ta ji kamar musu kike. Gobe da safe ki sa doguwar rigarki da ɗankwali, ki yafa mayafi, ki je ki durƙusa ki gaishe ta kafin ki ɗora komai a wuta, ki tambaye ta ko akwai abin da za a yi mata. Ba sai kin ce kin gyara ba, tana da ido. Idan bayan wannan ta dawo da wata maganar, misali lokacin tashinki ko abin da kike dafawa, to ki sake rubuto mana, don wannan wata matsala ce daban kuma amsarta ba irin wannan ba ce.