Amsa: Ta ina za mu samo kuɗin gyaran filin wasan unguwa?

Malam, ka tambayi yadda za ku haɗa kuɗin gyara filin ƙwallo da wurin lilon yara. Kafin ku karɓi ko sisi, ku je wurin mai unguwa da kansila ku tabbatar filin yana nan a matsayin na jama'a a takarda. Mu namu, sai da muka zuba jan ƙasa tifa shida, wata safiya muka tarar an kafa turakan awon shaguna a gefen raga.

In wannan ya tabbata, ku yi wa ƙungiyarku rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ku buɗe asusun banki mai sa hannun mutum uku. Attajiri ba ya son tura kuɗi asusun mutum ɗaya, kuma ban ga laifinsa ba. Ɗan majalisa kuwa, ku kai masa takarda tun kafin a tsara kasafin ayyukan mazaɓa, amma kada ku zauna jiransa.

Kuɗin farko ku sa a magudanar ruwa. Fenti da sabuwar raga su jira, don ruwan Agusta zai kwashe ƙasar ya kai ta kwata. Ku shirya gasar unguwanni bayan Sallah, kowace ƙungiya ta biya kuɗin shiga, mai walda ya haɗa muku lilo da shi.