Ga ɗan'uwan da gajiyar aiki daga gida ta ƙi saki

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Ka ce kana yi wa wani kamfanin Amurka aiki daga ɗakinka a Kano, kuɗi na shigowa, amma yanzu ko kwamfuta ka buɗe sai gabanka ya faɗi, barci ba ya isarka, kuma aikin da ka saba gamawa kafin azahar yana kai ka dare. Kana tambaya ko lalaci ne. Ba lalaci ba ne, don Allah ka daina faɗa wa kanka haka.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin wannan hali, ta ce matsin aiki ne da ya daɗe ba a shawo kansa ba yake haifar da shi. Alamu uku ta kawo: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita daga ran mutum har ya fara tsanarsa, sannan ƙwazonsa ya ja baya. Duk ukun na gani a saƙonka. Na daɗe ina irin wannan aiki, ni ma na taɓa shiga halin da kake ciki.

Abin da ya fi cin mu agogo ne. New York tana bayanmu da awa 5 ko 6, ya danganta da lokacin shekara, California kuwa awa 8 ko 9. Ƙarfe biyar na yammacin mutumin New York, ƙarfe goma ko sha ɗaya ne na darenka. Kai kuma ka tashi tun asuba, da hantsi NEPA ta kawo wuta, ka ce bari in rage aiki kafin a ɗauke. Da yamma mutanen Amurka su farka, taro a Zoom ya fara. Ka ga wuni biyu kake yi a wuni ɗaya. Ga mutanen gida, su a wurinsu wanda ke ɗaki zaune yake, shi za a aika kasuwa, shi zai ɗauko yara daga Islamiyya. Ba mugunta ba ce, ba su ga ofis ba ne.

Ni abin da ya fid da ni shi ne yanke lokaci. Na rubuta wa shugabana awoyin da za a same ni, daga biyu na rana zuwa bayan isha, na cire manhajar saƙonnin aiki ta Slack daga waya, safiyata ta dawo tawa. Na zaunar da iyali na faɗa musu haka. Na san tsoronka, aikin dala ba a samunsa a sauƙaƙe. Amma neman wannan ba raini ba ne. Faransa tun 2017 ta sa shi a doka, cewa ma'aikaci yana da haƙƙin rufe saƙonnin aiki bayan tashi. In aiki ya yi yawa, jera wa shugabanka ayyukan ka tambaye shi wanne za a fara. Shugaba mai hankali ya fi son haka a kan ka yi shiru ka riƙa makara.

Wannan rigakafi ne. Kai da abin ya riga ya kama, Asabar da Lahadi ba za su ishe ka ba. Nemi hutu na gaske, ko da mako ɗaya ne, ka kulle kwamfutar. Ka riƙa fita jam'i a masallacin unguwa, ka zauna majalisa, ka taka da ƙafa bayan la'asar. Ka rabu da lemon ƙara kuzari da dare, kuma kada ka sayi maganin barci a kemis da kanka.

In ka ga baƙin cikin ya wuce aiki ya shiga komai, abinci ya fita ranka, ko tunanin cutar da kanka yana zuwa maka, je asibiti a wannan makon ka faɗa wa likita duka, a auna maka jini ma. Allah ya ba ka lafiya, ya kawo sauƙi.