Koyon Sana'a a Lokacin Bautar Ƙasa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na kammala digiri kuma sunana ya fito cikin masu tafiya bautar ƙasa. An ce mini ana koyar da sana'a a sansani, har ma a ba da jari. Shin gaskiya ne, kuma ta yaya zan amfana? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya sa a gama lafiya. Gaskiya ne, amma da sauran bayani. Shirin da ake nufi shi ne SAED, wato shirin koyon sana'a da kasuwanci, wanda hukumar bautar ƙasa ta NYSC ta ƙaddamar a 2012, kusan shekara arba'in bayan gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa ta a 1973, ganin yadda masu digiri ke gama hidima su koma gida babu aikin yi. Ana koyar da ɗinki, kiwon kaji da kifi, sarrafa abinci, haɗa sabulu da man shafawa, ɗaukar hoto, aikin kwamfuta da haɗa wutar sola.

Sai dai zaman sansani mako uku ne kacal, kwanakin koyon kuwa ba su da yawa, kuma mutum kan zo ajin a gajiye bayan faretin asuba, ya tarar da jama'a sun yi cincirindo a kan keken ɗinki ɗaya. Ɗanɗano ne kawai ake samu a can. Ainihin koyon yana cikin watanni goma sha ɗayan da suka rage, a hannun masu horarwar da hukumar ta amince da su, kuma galibi ana biyan su kuɗi. Saboda haka ki zaɓi sana'ar da mai koyar da ita yake kusa da inda aka tura ki aiki, domin kuɗin mota ya sa da yawa sun watsar tun ba a je ko'ina ba.

Batun jari kuwa, galibi rance ne, ba kyauta ba. Bankin Masana'antu ya buɗe wani asusu a 2015 mai bai wa 'yan bautar ƙasa har naira miliyan 2, bisa sharaɗin gabatar da tsarin kasuwanci a rubuce, amma irin waɗannan asusu sukan buɗe su rufe. Ki tambayi jami'in SAED na jihar wane asusu ne ke aiki a lokacinki. Ni dai na fi so ki dogara da alawus ɗinki, wanda ya koma naira 77,000 daga Maris 2025, ki riƙa ware wani abu duk wata don sayen kayan aiki kafin ranar karɓar takardar sallama.